Muryar Yaya Rahila da Katangar Malam Bube

Shekara ashirin da biyar ke nan da muka sa Yaya Rahila a ƙasa, kuma sai bana ikkilisiyarmu ta nan Sakkwato ta tuna an taɓa yin wata mace mai wannan suna. Lahadin da ta wuce aka tashi aka yi sanarwa, wai za a yi sujada ta musamman don tunawa da ita, wai mawaƙa za su ɗinka kaya iri ɗaya, wai kuma Dattijo Yohanna ne zai ba da tarihinta, shi ne zai ja waƙa. Ina zaune a bencin mata na ji haka, ban san lokacin da tsaki ya kuɓuce mini ba, har ta kusa da ni ta zungure ni da gwiwar hannu. To, ta zungura. Tunda Yohanna zai yi tasa maganar a gaban jama'a, ni ma bari in yi tawa a jarida, inda ba wanda zai ce mini in zauna don na tsufa.

Ba uwa ɗaya ta haife mu ba. Tare muka tashi a gidan da Turawa suke tara yaran da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi, can kudu da nan. Ta girme ni, ita ke yi mini kitso, ita ke dukana, shi ya sa Yaya nake ce mata har ta koma ga Ubangiji. A can muka koyi karatun boko da bin Almasihu da waƙa. Aure ya kawo mu Sakkwato: mijinta kafinta ne a aikin gwamnati, nawa kuku ne a gidan wani Bature a bariki. A lokacin Turawa ba su daɗe da kama ƙasa ba, tsofaffin da suka ga ranar da aka shigo garin suna nan da ransu, kuma duk wanda ya ce shi mai bi ne, kallon ɗan koren Nasara suke yi masa. Su kuwa Turawan mulkin da ake cewa addininmu ɗaya da su, su ne suka hana wa'azi a cikin gari, suka hana gina majami'a. Mu ɗin 'yan tsiraru ne, kuku da masinja da mai wanki da matansu, sai wata tsohuwa makauniya da muke kira Inna Hannatu. Ba mu da inda za mu taru ranar Lahadi.

Wanda ya ba mu wuri malamin Musulunci ne, Malam Bube, ɗan gidan karatu tun kaka da kakanni, mai gida can kusa da ganuwa. Mijin Yaya ya taɓa yi masa ƙyaure da akwatunan littattafai, aminci ya shiga tsakaninsu. Malam yana da wani ɗaki a bayan gidansa da ake zuba harawa, ƙofarsa tana kallon lungu, katanga ɗaya ce ta raba shi da tsakar gidan da zauren karatu. Ya ba mu aro, da sharaɗi ɗaya. Ya ce wa mijin Yaya, "Kafinta, ku yi addininku, Allah shi ka hukunci, ba ni ba. Amma kar in ji. Ran da sautinku yat tsallaka wagga katanga, a ba ni ɗakina." Wanda bai san garin nan ba zai ce Malam ya tsananta. Ai sunansa ya ɗora a kan faifai saboda mu, don da magana ta bazu cewa ana waƙar Nasara a bayan gidan Malam Bube, da ɗalibansa ma sun watse. Saboda haka zamanmu a ɗakin nan duk ya rataya ne a kan yadda muke buɗe baki.

Farkon shigarmu, tsoro ya sa muka koma raɗa. Waƙar yabo ce ake yi, amma ka ce mutane ne suka haɗa kai suna ƙunƙuni. Yaya ta jure Lahadi ɗaya, ta biyun ta dakatar da mu a tsakiyar waƙa. Ta ce, "Wai yabo muke yi ko gulmar Ubangiji? An ce kar maƙwabci ya ji, ba a ce kar Allah ya ji ba." Daga ranar ta ɗauki aikin koya mana, ba wanda ya naɗa ta, ba kuma wanda ya isa ya hana ta.

Abin da take cewa shi ne, murya tana da mazauni, kuma mazaunin ba maƙogwaro ba ne. Sai ta sa ka rufe baki ka ja sauti ta hanci a hankali, ka yi ta ja har ka ji leɓɓanka da karan hancinka suna ƙaiƙayi. In ka ji ƙaiƙayin, sai ta ce to ka buɗe baki sannu sannu, kar ka bar sautin ya zame ya koma baya, ka riƙe shi nan gaban fuska, bayan haƙoran sama. Numfashi kuma daga ciki take so a ɗebo shi. Takan dafa maka ciki ƙasan haƙarƙari, in kafaɗunka ne suka ɗaga maimakon cikin ya kumbura, sai a sake daga farko. Ɗaya hannun yana wuyanka. Da ta ji jijiya ta miƙe, mintsini ne, ko kai magidanci ne mai gemu. Tana kuma da wani tulu wanda ba a zuba masa ruwa. Ka rungume shi ka rera waƙa a bakinsa: in da maƙogwaro ka turo, wani mummunan amo zai maido maka, in kuwa ka aje muryar inda ya kamata, sai ka ji tulun yana rawa a tafin hannunka. Bayan duk wannan sai ta bar mu muna waƙa, ta fita lungu, ta jingina da katangar Malam tana saurare.

Kada wani ya zo ranar tunawa ya ce muku Yaya mai sanyin hali ce. Ina! Harshenta ya fi allura. Ni da nake ƙanwarta ta taɓa ce mini a gaban kowa, "Ke Lami, akuya ma in ta yi kuka da dalilinta, ke mene ne naki?" Na yi kwana da kwanaki ban yi mata magana ba. Amma abin da ya fito daga wannan horo, ban sake jin irinsa ba har yau. A cikin ɗakin, waƙa takan cika ko'ina, ka ji ta a ƙirjinka da ƙashin bayanka, kowace kalma tana fita tar, muryar maza a ƙasa ta mata a sama ba mai danne wani. Inna Hannatu takan zauna a kusurwa hawaye na bin fuskarta, tana cewa a sake. In kuwa ka fita lungu, abin da za ka ji bai wuce ƙugin ƙudan zuma a cikin amya ba, shi ma sai ka kasa kunne. Haka muka yi shekaru, Malam bai taɓa aiko da ƙorafi ba.

To ku zo ku ga mawaƙanmu na yau, da majami'arsu mai rufin kwano da akwatin kiɗan da ake takawa da ƙafa. Da an ɗaga hannu sai ka ga wuya ya miƙe, jijiyoyi sun fito kamar igiyar guga, idanu sun yi jajir, kowa yana so ya binne muryar na kusa da shi. Kwano yana maido da ihun, yara suna toshe kunne, su kuwa wai Ruhu ne ya sauko. Kwanan baya na zauna aka yi waƙa tun daga farko har ƙarshe, na rantse ban tsinci kalma ɗaya ba, ban san ko yabo aka yi ko faɗa ba. Litinin da safe ka gai da mai jan waƙa, ba ta iya amsawa, sai ta nuna maka wuya tana tambaya ko kana da zuma da citta, tana kuma taƙama wai ta ƙarar da muryarta a aikin Ubangiji. A'a, ɗiyata, ba a aikin Ubangiji kika ƙarar da ita ba, a aikin jahilci ne. Yanzu ma na ji ana shawarar a samo lasifika irin ta 'yan siyasa a ɗaura a kan rufi. Da Yaya za ta leƙo, ba na jin za ta ce uffan, layi kawai za ta bi tana mintsinin wuya ɗaya bayan ɗaya, ta fara da dattawa.

Wannan ihu yana da asali, kuma asalinsa Yohanna. Ya zo mana ne bayan an sallame shi daga soja, yana kofur, da murya irin ta filin fareti. Gaskiya Allah ya ba shi murya, Yaya da kanta ta faɗa, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, a ba mutum kyauta irin wannan ya mai da ita abin tsorata jakuna. Ranar da ta miƙa masa tulu, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce shi da ya ba sojoji oda a gaban Bature ne za a ce ya sa kai a tulu. Daga nan ya fara bin samari da magana, wai kunyar bishara muke ji, wai masu bi na gaskiya ba sa ɓuya, wai mace ta mai da maza 'yan raɗa. Samari kuwa ka san su, duk inda aka ce jarumtaka suna wurin. Yaya ta tare shi a gaban kowa ta ce, "Yohanna, ɗakin nan aro ne, da sharaɗi aka ba mu, muka ce mun yarda. Cika alkawari ma bishara ce. Ka taɓa ganin wanda ya tuba don an kurma masa ihu a kunne?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya." Wannan "to" ɗin tasa, wanda ya san shi ya san ba ta da nauyin ƙwayar gero.

Ana nan sai makon Ista, bikin tashin Almasihu daga matattu, ya zo, cikin tsananin zafin bazara. Ranar Jumma'a uwargidan Malam Bube ta rasu, matar da ya aura tun yana saurayi. Asabar ni da Yaya muka shiga cikin gida muka yi wa mata gaisuwa. Lahadi da safe da muka zo sujada, zauren Malam ya cika, an shimfiɗa tabarmi har cikin lungunmu, manyan malamai da dattawan unguwa suna zaune a inuwar katanga, ba ka jin komai sai addu'a ƙasa ƙasa. Muka raɓa ta gefensu muka shiga, wasu ma suka janye ƙafa suka ba mu hanya. Kafin a fara Yaya ta ce, "Kun dai ga abin da ke waje. Yau ko rabin yadda muka saba kar a kai." Kowa ya gyaɗa kai, har da Yohanna.

Baitin farko ya tafi lafiya. Ana zuwa amshi sai mutumin nan ya wurga kai baya, ya buɗe maƙogwaro gaba ɗaya, ya saki wata irin tsawa da sai da ƙasa ta zubo daga azara. Samari suka ɗauka, aka shiga tafi, wani yana dukan benci. Yaya ta ɗaga hannu, ba wanda ya duba. Ta kama hannun rigarsa, ya fizge. Inna Hannatu tana ta tambaya me ya faru, me ya faru. Sai da suka kai ƙarshen waƙar suka tsaya suna haki, gumi na zuba, fuskarsu cike da fara'a. Da Yaya ta tambaye shi me ya yi ke nan, ya ce yau ranar tashin Ubangiji ce, an ci nasara a kan mutuwa, in ba a ɗaga murya yau ba sai yaushe. Ku ji fa! Murnar cin nasara a kan mutuwa yake yi da tafi, a kunnen mutumin da ƙasar kabarin matarsa ba ta bushe ba. Da muka fito, cikin masu zaman makoki ba wanda ya ɗago ya dube mu. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Washegari Yaya ta ja ni muka tafi, don mijinta yana ƙauye wajen aiki. Yohanna kuwa ko ƙeyarsa ba a gani ba. Muka durƙusa a bakin zaure, ta ce, "Allah shi gafarta Malam, mun yi laifi, mun zo neman gafara." Ba ta ambaci sunan kowa ba. Malam yana zaune yana jan carbi. Ya ce, "Matar kafinta, tashi, bar duƙo. Ni ban riƙe ku da komi ba. Amma jiya ina zaune cikin mutane, wani malami da yat taso tun daga nesa don shi yi mani gaisuwa yac ce, Malam, buki aka yi bayan gidanka? Mi zan ce mai? Magana guda munka yi da mijinki. In an share makoki ku kwashe kayanku." Na zaci Yaya za ta yi ta roƙo, ita da ba ta rasa abin faɗa. Sai kawai ta ce, "Malam ya yi gaskiya." Muna tafe a hanya tana kuka ba sauti, ni kuma ina zagin Yohanna da duk zagin da na sani, ba ta hana ni ba.

Ba wanda ya sake ba mu ɗaki a cikin gari, labari ya riga ya zaga. Muka koma gindin wata tsamiya a bayan gari ta wajen bariki, masu wucewa zuwa fadama suna nuna mu suna cewa ashe dama bori muke yi. In damina ta sauka ruwa ya kore mu, in rani ne rana ta gasa mu. Inna Hannatu ba ta iya wannan tafiya, tun daga ranar Istan nan ba ta sake zama cikin sujada ba har ta mutu, sai dai Yaya ta bi ta ɗakinta ta rera mata. Wasu da suke zuwa a ɓoye ta lungu suka daina, don a fili kowa na ganinsu. A sarari kuma iska tana kwashe murya, sai kowa ya shiga turawa da ƙarfi don a ji shi, ihu ya zama ɗabi'a, yaran da suka tashi a gindin tsamiyar suka ɗauka haka ake yabon Allah. Su ne iyayen mawaƙan yau. Yaya ta ci gaba da koya wa duk wanda ya yarda, amma masu yarda suka yi ta raguwa. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Ba ta ga ranar da aka ba da izinin gina majami'a ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda Yohanna yake ba da labarin nan. Na sha jinsa yana gaya wa matasa, da hawayensa na ƙarya, wai a zamanin dā an tsananta mana, wai Musulmi sun kore mu daga ɗakin sujada saboda mun ƙi yin shiru da sunan Yesu, wai shi ne ya tsaya tsayin daka. Matasa suna jinjina masa, suna kallon maƙwabtansu da wani ido. Ƙarya yake yi, kuma ya san ina raye. Ba wanda ya tsananta mana. Mutum ya yi mana alheri, ya sa sunansa cikin haɗari, muka saka masa da tafi a ranar makokinsa. Wanda ya jawo haka yau shi ne dattijo mai kujera a gaba, gashi fari fat, murya ta daɗe da dishewa saboda ihun shekaru, amma har yanzu bai fasa ba.

In an tambaye ni me ya rage na Yaya Rahila, ba zan nuna mawaƙa ba, don ko ƙamshin koyarwarta babu a wurinsu. Kabarinta ma ciyawa ta cinye, mu biyu ko uku ne za mu iya nuna wurin. Akwai 'yan tsofaffi irina da in muna lallashin jika mukan ji sautin ya zauna a gaban fuska yadda ta koya mana, mu ma mun kusa tafiya. Abin da na riƙe, wanda nake so ya shiga jarida kafin in bi ta, magana ce ɗaya, kuma daga bakin mutumin da ya karɓe ɗakinsa ta fito.

Ranar da ake zaman makokinta, muna cikin gida sai aka ce ga Malam Bube. Ya tsufa ƙwarai a lokacin, yana dogara sanda, kuma malami irinsa ba ya taka ƙafa zuwa gaisuwar matar Kirista, ba a taɓa gani ba. Mijin Yaya ya fita da sauri ya shimfiɗa masa tabarma, ni kuma ina bayan zana ina jin su. Bayan ya yi gaisuwa ya ba da haƙuri, sai ya ce, "Kafinta, in tambaye ka. An ce mani matakka ta iya waƙa, wai duk garin ga babu mai irin muryatta. Hakanan na?" Mijin ya ce haka ne, Malam. Malam ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Shekarun nan duka, katanga guda at tsakanina da ita, ban taɓa jin ta ba. Macce mai alkawali." Ya dafa sandarsa ya tashi ya tafi.